Amana da Kaki: Yadda Ake Shirya Fim ɗin 'Yan Sanda da Ƙaramin Jari a Kaduna, Bisa Salon Hong Kong

Wanda ya taso yana kallon fim ɗin Canis a gidajen kallo zai ce maka faɗa ne ya riƙe shi. Amma a cikin fina-finan Hong Kong da ake yi da harshen Kantonis akwai wani reshe da bai dogara da tsalle da karya tebur ba. Fina-finan 'yan sanda ne masu ƙaramin jari, inda mutum biyu ko uku, dare ɗaya, da wata amana da ta fara rawa suke zaunar da mai kallo minti 90 bai motsa ba. Wannan reshen ne daidai aljihun mai shirya fim a Kaduna. Ba ka da kuɗin kifar da mota, ba ka da izinin rufe titin Ahmadu Bello, amma kana da abin da ya fi su tsada: masu kallon da suka san nauyin kalmar amana tun suna goye.

Me ya sa abota ta zama jarinsu

Mutanen Kantonis suna da kalma, "yi hei", wadda ta haɗa halacci, kara da tsayawa wa ɗan'uwa ko da za ka cutu. Alamarta a wurinsu wani tsohon janar ne mai jar fuska, Kwan Tai, wanda aka daɗe ana ajiye siffarsa a ofisoshin 'yan sandan Hong Kong, kuma 'yan daban garin ma shi suke girmamawa. Mai kama ɓarawo da ɓarawon kansa duk abu ɗaya suke rantsuwa da shi. Daga nan rikicin labaransu yake tasowa: idan doka ta ce dama, halacci ya ce hagu, ina ɗan sanda zai bi?

Tarihi ma ya ba su abin faɗa. Cin hanci ya yi katutu a rundunar har wani babban jami'i Bature, Peter Godber, ya tsere daga garin a 1973 ana tsaka da bincikensa. Fushin jama'a ya sa aka kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICAC a 1974, kuma a 1977 'yan sanda suka yi bore har gwamna ya yi afuwa ga galibin tsofaffin laifuka. Marubutansu sun girma a garin da ake tilasta wa jami'i ya ba da shaida a kan wanda suka ci tuwo tare. Mu ma ba baƙin wannan ba ne.

Ta fuskar kuɗi, darakta Johnnie To shi ne abin misali. Shi da Wai Ka-fai suka kafa kamfanin Milkyway Image a 1996, lokacin da kasuwar fim ɗin garin take faɗuwa. Fim ɗinsa The Mission na 1999 an ɗauke shi cikin kimanin kwana 18, PTU na 2003 kuwa labarin dare ɗaya ne tak, daga faɗuwar rana zuwa asuba. Dabarar za ka ɗauka, ba labarin ba. Wanda ya kwafo labarin wani ya sa masa hula da babbar riga, masu kallo za su gane.

Gina labarin: bashi, laifi, agogo

Kafin ka rubuta layi ɗaya na magana, ka amsa tambaya uku a takarda guda.

Ta farko, mene ne ɗayan yake bin ɗayan? Ba ya isa ka ce "aminai ne tun suna yara". Kowa yana da abokin yarinta, kuma da yawa an rabu ba a ji komai ba. Abin da ke ɗaure mutum shi ne alherin da ba ya biyuwa. Ga misalin da za mu bi har ƙarshen wannan bayani. Sufeto da Saje 'ya'yan bariki ne, tare suka shiga Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ɗaya ya samu ƙarin girma ya bar ɗayan da igiya uku. An tura Sufeto aiki Arewa maso Gabas wata takwas. Yana can 'yarsa ta kwanta asibiti, ana neman naira 600,000 kafin a yi mata aiki. Saje ne ya biya, ya ce wa matar abokinsa adashi ya ɗauka. Yarinya ta tashi.

Ta biyu, mene ne laifin? Saje shi ne ma'ajin kayan shaida na caji ofis. Kuɗin daga ɗakin ajiya ya ɗebo su, da niyyar mayarwa kafin a nema. Ka lura da abin da wannan ya yi wa labarin: laifin na gaske ne, doka ba za ta yafe shi ba, amma saboda Sufeto aka aikata shi. Idan ka sa Saje ya saci kuɗin don ya ƙara aure, mai kallo zai yanke hukunci a minti na 10 ya huta. Idan kuma ka sa sharri aka yi masa, babu abin da zai wahalar da Sufeto, sai dai ya nemo mai sharrin. Kana son gaba kura baya sayaki.

Ta uku, yaushe lokaci zai ƙare? An matso da ranar shari'a, ana son kayan shaida a kotu Litinin ƙarfe 9 na safe. DPO ya ba Sufeto umarnin ƙirga kayan ɗakin ya sa hannu. Fim ɗin ya fara bayan Magaribar Lahadi. Idan ba ka son kayan shaida, akwai wani agogon da doka ta ba ka kyauta: sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu awa 48. Ko wanne ka zaɓa, ka faɗi lokacin a minti 10 na farko, sannan ka riƙa tuna wa mai kallo ba tare da nuna agogon bango kullum ba. Kiran Isha, mai shayi yana kwashe kaya, titi ya ɗauke ƙafa, carar zakara, assalatu. Garin da kansa yana ƙirga maka awoyi.

Yanzu ka ƙara mutum na uku, wanda zai sa farashi a kan amanar. Wani dillali ya san abin da ya faru, yana da kuɗin a hannu, zai bayar a daren nan, sharaɗinsa ɗaya: wata waya da ke cikin kayan shaidar ta ɓace. Wayar ce hujjar da za ta ɗaure wanda ya kashe wani ɗan Keke Napep. Sai ka nuna mahaifiyar mamacin sau ɗaya kawai, tana zaune a bencin gaban kanta da kwanon abinci da ta kawo wa 'yan sanda don godiya. Fitowa ɗaya ta ishe ta. Daga nan duk abin da Sufeto ya yi don abokinsa, akwai fuskar da zai ci amanarta.

Manyan 'yan wasa kada su wuce biyar, masu magana gaba ɗaya kada su wuce goma sha biyu. Shafi ɗaya na rubutun fim yana cin kusan minti ɗaya, saboda haka ka tsaya tsakanin shafi 80 da 90.

Wani abu da Kaduna ta ba ka wanda Kano ba ta da shi kamar haka: kogi ya raba garin, kuma tun rikicin 2000 mazauna suka ƙara rarrabuwa, wasu arewa wasu kudu. Idan Saje yana zaune a Sabon Tasha, Sufeto a Badarawa, ɗaya Kirista ɗaya Musulmi, Hausar bariki ce ta haɗa su, to duk tsallake gada a fim ɗin yana da ma'ana. Sai dai kada kowa ya tsaya yana wa'azin zaman lafiya. Matar Saje ta ajiye wa Sufeto buta da tabarma a lungun da ya saba, ba tare da ta ce komai ba. Ya wadatar.

Wa ya san me, kuma yaushe

Nan ne mafi yawan masu rubutu suke faɗuwa. Suna ɓoye wa mai kallo komai don su ba shi mamaki a ƙarshe. Mamaki daƙiƙa biyar ne, zullumi kuwa yana iya kai awa guda, kuma zullumi ba ya samuwa sai mai kallo ya san abin da ɗaya daga cikin mutanen bai sani ba.

Ka zana jadawali: sunayen 'yan wasa a gefe, mintuna a sama. A misalinmu, mai kallo ya san Saje ne ya ɗauki kuɗin a minti na 12. Sufeto ya gano a minti na 30, ya ɓoye cewa ya gano. Saje ya fahimci an gano shi a minti na 45, shi ma ya yi shiru. Dalilin ɗaukar kuɗin kuwa, mai kallo ya sani a minti na 40, Sufeto ba zai sani ba sai minti na 62, kuma ba daga bakin Saje ba, domin mutum mai kara ba ya gorin alheri. Sufeto daga bakin matarsa zai ji, a waya, tana faɗa cikin rashin sanin abin da take rushewa. Tsakanin minti 45 da 62 kana da mutum biyu da kowannensu ya san ɗayan ya sani, babu mai iya furtawa. Wannan wurin shi ne zuciyar fim ɗin, a nan za ka kashe lokacinka da ƙarfin 'yan wasanka.

Teburin mai shayi

Fina-finan Hong Kong suna yawan zaunar da 'yan sanda a ƙananan gidajen shayi, domin cin abinci tare ne yake nuna abota ba tare da an faɗa ba. Namu teburin mai shayi ne. Ka shirya fitowa uku a teburi ɗaya, farko, tsakiya da ƙarshe, ka ɗauke su duka a dare guda don sauƙin kuɗi.

A ta farko, Saje ya iso ya tarar Sufeto ya riga ya ce a haɗa masa nasa: madara rabin gwangwani, babu sukari, saboda ya san ciwonsa. Burodi ɗaya, Sufeto ya raba biyu da hannu ya tura masa babban ɓarin. Suna zaune benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. A wurin aiki Saje yana ce masa "Oga", a nan kuwa sunan da ake tsokanarsa da shi a bariki yake kiransa.

A ta tsakiya, bayan kowa ya san abin da ya sani, komai yana nan amma ya goce kaɗan. Sun zauna suna fuskantar juna, tebur a tsakani. Burodin yana cikin ledarsa. Maganar kada ta wuce haka:

"Gobe da safe zan ƙirga kayan ɗakin nan."

"To, Oga."

"Ko akwai abin da ya kamata in sani kafin goben?"

Saje ya juya cokali a kofin da babu sukari a ciki. "Yaya jikin 'yar tawa?"

"Ta warware. Tana gaishe ka."

"Madalla."

"Oga" ɗin nan da ya biyo su har teburin shayi ya fi mari zafi, kuma duk Bahaushe zai ji shi. Abin da ke lalata irin wannan fitowa shi ne darakta ya ji tsoron shiru, ya sa ɗan wasa ya ce "Ka san fa kai aminina ne, ba zan taɓa cin amanarka ba." Da zarar an furta kalmar amana a baki, ta fita daga hoton. Ka ƙirga: kada ta fito fiye da sau ɗaya a fim ɗin gaba ɗaya, kuma gara dillalin ne zai faɗe ta.

Ka ba manyan 'yan wasan biyu kwana uku na atisaye kafin ɗauka, ba don haddar magana kaɗai ba. Su ƙirƙiro ƙananan ɗabi'u biyu ko uku na tsakaninsu, yadda suke musabaha, wa ke riƙe makullin mota, wa ke biyan kuɗin shayi. Daga baya kowace ɗabi'a da ka karya za ta yi maka aikin shafi guda na magana.

Wurare, izini, kaki da bindiga

Wuri biyar sun isa: caji ofis, teburin shayi, gida ɗaya, cikin mota, da wurin haɗuwa da dillali. Caji ofis ka gina shi a ɗaki biyu na wata makaranta lokacin hutu ko shagon da babu kowa: kanta ta katako mai tsayin ƙirji, babban littafin rajista, allon sunayen waɗanda ke tsare, benci, fanka, ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Ka ba ofishin sunan unguwar da babu ita. Wurin haɗuwa kuwa, yankin tsofaffin masaƙun Kakuri da layukan dogo na cikin gari suna da faɗi da duhu da ƙarfe, irin abin da kyamara ke so, amma duk suna da masu su da masu gadi. Kada ka shiga sai da takarda.

Izini matakai ne, kuma tsallake ɗaya yana iya cinye maka dare guda. Ka rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ta hannun kakakin runduna, ka haɗa da taƙaitaccen labari, ranaku da wurare, aƙalla mako uku kafin farawa. Sa kakin ɗan sanda ba da izini ba laifi ne, kuma a 2022 rundunar ta fito fili ta gargaɗi masu fim da masu barkwancin intanet a kan haka. Bayan amsa ta fito, ka kai kwafi ga DPO na kowane yanki, sannan ka je wurin mai unguwa da ƙafarka, ka sanar da 'yan sintiri. Da ɗan gari akan ci gari. Ranar ɗauka, kwafin takardar ya kasance a aljihun mutum biyu, 'yan wasa kuma su sa kaki a wurin aiki su cire a wurin, kada wanda ya hau Keke da shi.

Ka nemi tsohon ɗan sanda mai ritaya ya zauna da ku kwana biyu. Shi zai gyara maka igiya, biyu ta kofur uku ta saje, yadda ake sara wa na gaba, yadda ake rubuta kayan shaida a rajista da wanda ke sa hannu. Kuskure ɗaya a nan yana sa masu kallon bariki su daina yarda da sauran.

Bindiga kuwa magana ɗaya ce: ta gaske ba ta shiga wurin ɗauka, ko babu harsashi, ko wa ya kawo ta. Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, a wurin ɗaukar fim bindiga ta kashe shi a 1993, kuma a 2021 haka ta faru da mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a Amurka, a wuraren da suka fi mu kayan aiki. Kafinta ya sassaƙa maka ta katako a shafa baƙin fenti mara ƙyalli, ko ka samu ta roba. Mutum ɗaya ne zai riƙe su a akwati, ya ƙirga fita ya ƙirga dawowa. Walƙiyar harbi a kwamfuta ake sa ta, firem ɗaya ko biyu, tare da ɗan hasken da wani zai ƙyasta a fuskar ɗan wasa lokacin ɗauka. Harbi a fim ɗin kada ya wuce uku. Idan an kai minti 70 ba a ji ƙarar bindiga ba, na farko zai girgiza ɗaki.

Jini: cokali huɗu na zuma ko narkakken sukari mai kauri, ƙaramin cokali ɗaya na jar kalar abinci, ɗan garin cakulan don ya yi duhu. Ja zalla yana fitowa kamar zoɓo a kyamara. Rigar da za a ɓata ka tanadi iri ɗaya guda uku.

Haske da kyamara

Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ka saita kyamara a firem 25 (hotuna 25 a daƙiƙa), saurin rufewar shata 1/50 na daƙiƙa. Wanda ya bar ta a firem 30 zai ga fitilun titi da dogayen ƙwai suna rawa a hoto, kuma gyaransa a tacewa wahala ne. Wutar janareta ba ta tsayawa daidai, sai ka ɗauki gwajin daƙiƙa 20 ka duba a babban allo duk lokacin da aka tayar da shi.

Kyamara ɗaya, gilasai biyu: 35mm don ɗaukar mutum biyu tare, 50mm mai buɗewa f/1.8 don fuska. Fitilun LED uku masu batir sun isa. Kuskuren da aka fi yi da dare shi ne a haske fuska daga gaba har ta baje, bayan mutum ya zama baƙin rami. Ka juya abin. Fitila mafi ƙarfi ta tsaya a baya, gefe, sama da kai, ta zana gefen fuska da kafaɗa. Wannan dole ne ga baƙin kakin 'yan sandanmu, wanda ke haɗiye haske ya bar kai yana yawo babu jiki. Ta biyu ka buga ta a farin kwali ta dawo fuska a tausashe. Ta uku ka haska bango ko bishiya can nesa don hoton ya yi zurfi. Baƙar fata tana kyau da hasken da ya kwanta a kanta yana sheƙi, saboda haka ɗan man kaɗanya a goshi da kunci ya fi hoda.

Ka raba launi gida biyu: teburin shayi da gida a haske mai ɗumi, 3200K a ma'aunin launin fitila, caji ofis a mai sanyi, 5600K. Hong Kong tana da fitilun talla masu launi, mu muna da ƙwan mai shayi, wutar mai tsire da fitilar Keke. Idan titi na kwalta ne, jarka huɗu ta ruwa a watsa kafin ɗauka za ta ninka maka hasken. Ƙurar hunturu a Disamba da Janairu tana sa hasken fitila ya fito kamar sanda a iska, kyauta, sai dai ka riƙa goge gilashi kuma ka tanadar wa mutane rigunan sanyi.

Kyamarar ma ta bi labarin. A kashi na farko ka riƙa haɗa abokan biyu a hoto ɗaya. Daga minti na 30 ka raba su, kowa da nasa hoton, ko ka sa wani abu a tsakaninsu, ƙarfen taga, sandar rumfa, madubin mota. Kada su sake haɗuwa a hoto ɗaya sai fitowar ƙarshe. Ka tsaya gefe ɗaya na layin da ke tsakanin idanunsu, in ka tsallaka za su fito kamar suna kallon wuri guda maimakon juna. Kuma ka kafa kyamarar a kan ƙafafunta. Girgiza hoto ba ya kawo fargaba, jiri yake kawowa.

Sauti

Har cikin shekarun 1990 yawancin fina-finan Hong Kong ba a ɗaukar muryarsu a wurin aiki, daga baya ake ɗorawa a situdiyo. Ya yi musu sauri, amma kada ka bi su a nan. Fim ɗin da ya dogara da numfashi da shiru yana bukatar muryar da aka yi a wurin.

Makirfon sanda ya tsaya santimita 30 zuwa 50 saman kai, yana kallon baki. Na'urar naɗa a 48kHz, ƙarfin murya yana taɓa -12 a ma'aunin na'urar. Manyan 'yan wasa biyu a maƙala musu ƙananan makirfo a ƙirji, a naɗe da ɗan plasta don kada kaki ya riƙa gogarsa. Janareta a kai shi mita 30 ko fiye, bayan katanga, da waya mai kauri. A kowane wuri, kafin a tashi, kowa ya yi tsit a naɗi sautin wurin na daƙiƙa 60. Da shi edita zai cike tsakanin maganganu, in babu shi duk yanka sai an ji shi. Kiɗa kuwa ka rage. A fitowar teburin shayi ta tsakiya, ƙarar cokali a kofi da hucin risho sun fi kowace waƙa.

Kwanaki da kuɗi

Daren aiki a waje gajere ne, daga ƙarfe 10 da gari ya lafa zuwa 4 kafin assalatu, awa shida, shafi huɗu zuwa biyar. Don haka ka rubuta yadda shafi 50 cikin 85 za su kasance a ɗaki, a toshe tagogi da baƙar leda da bargo a ɗauka da rana, shafi shida a yini. Kwana tara ke nan a ciki, dare takwas a waje, da kwana biyu na ko-ta-kwana. Kada ka haɗa yinin ɗauka da darensa. Ka fara da fitowa masu sauƙi, teburin shayi ya zo bayan mako guda, lokacin da 'yan wasa suka saba da juna.

Rabon da muke ba da shawara a kowace naira 100: abinci da sufuri 25, hayar kayan aiki 20, 'yan wasa da ma'aikata 20, tacewa da gyaran sauti 15, wurare da mai 10, ajiya 10. Wanda aka fi ci wa haƙƙi shi ne kason tacewa, a cinye shi a wurin ɗauka, fim ya kwanta wata shida a kwamfuta. Ka ware shi tun farko. Kowa kuma a rubuta abin da za a ba shi da ranar biya, ko ɗan'uwanka ne.

Tunda labarin dare ɗaya ne ana ɗaukarsa mako uku, mai kula da daidaiton kaya ya ɗauki hoton kowane ɗan wasa da waya a farko da ƙarshen kowace fitowa: maɓalli nawa a buɗe, ina gumi ya jiƙa, shayi ya kai ina a kofi. Babu aski sai an gama. Hoton 4K a 100Mbps yana cin kusan 45GB a awa, awa 11 na ɗauka kusan 500GB ke nan. Ma'ajiya biyu masu 1TB, a kwafa a duka biyun kowace safiya, su kwana a gida daban-daban.

Ƙarshen fim da tacewa

Dole Sufeto ya zaɓa da hannunsa, kuma zaɓin ya ci masa wani abu. Kada mota ta kaɗe dillali, kada wani attajiri ya ɓullo da kuɗi ƙarfe 8. Ga hanya ɗaya da ta dace da misalinmu: ya ƙi taɓa wayar, ya rubuta gaskiyar abin da ya ɓace a rajista, sannan a ƙarƙashin sunan Saje ya ƙara nasa, a matsayin wanda aka kashe wa kuɗin. Fitowar ƙarshe a teburin shayi bayan sallar Asuba, benci ɗaya, hoto ɗaya, Saje ne wannan karon ya raba burodin. Ka yanke kafin su tashi zuwa ofis.

A tacewa, haɗin farko zai kai minti 100 ko fiye. Ka shiga kowace fitowa a makare ka fita da wuri: gaisuwa, buɗe ƙofa, tafiya zuwa mota, duk su tafi, sai inda gaisuwar ce ke ɗauke da saƙo. Amma shirun da ke bayan tambayar Sufeto kada ka taɓa shi, ka bar shi ya kai daƙiƙa biyar ko shida. Sannan ka tara mutum goma da ba su san labarin ba, har da mata da ɗan sanda ɗaya, ka zauna a bayansu ka rubuta mintin da wani ya ɗauko wayarsa. A minti na 60 ka tsayar ka tambayi kowa a asirce abin da Sufeto ya kamata ya yi. Idan duka goman bakinsu ɗaya, wani ɓangaren ya yi nauyi: ko ka ƙara wa mahaifiyar mamacin daƙiƙa 30, ko ka ƙara wa yarinyar da ta warke. Idan sun rabu shida da huɗu, ka kulle hoton, ka wuce gyaran sauti da launi, sannan ka kai wa Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, da ta Jihar Kano idan can za ka kai shi kasuwa.